Sensar Maganaɗisu da Sensar Haske a Masana'antun Jidda

Matasanmu da ke gyaran injuna a masana'antun Jidda sukan tambayi wace sensa, wato na'urar da ke gane isowar kaya, ta fi dacewa a kan bel mai jan kaya.

Sensar maganaɗisu tana ɗauke da naɗin wayar jan ƙarfe wanda ke fitar da filin maganaɗisu mai saurin jujjuyawa. Idan ƙarfe ya matso, wata 'yar wutar lantarki takan kewaya a jikinsa ta zuƙe ƙarfin filin, sai sensar ta gane raguwar ta sanar da kwamfutar injin, ba tare da ta taɓa komai ba. Ƙura da maiƙo ba sa ruɗa ta, kuma wannan babban abu ne a garin da iska ke kwaso rairayi. Sai dai hangenta gajere ne, don ƙaramarta mai kaurin milimita 12 takan tsaya a milimita 2 zuwa 4, alminiyom kuwa yana rage tazarar zuwa ƙasa da rabi.

Sensar haske tana hango kwali da roba daga nesa, amma da zarar ƙura ta rufe gilashinta sai ta fara kuskure. Inda kayan duk ƙarfe ne, ni ta maganaɗisu nake ɗaurawa.