Dutsen niƙa na baƙin dutse da na dutsen yashi: wanne ya cancanci kuɗinsa?

Duk da yawaitar injinan markaɗe, akwai gidajen da har yanzu ba su rabu da dutsen niƙa ba, domin kayan miyan da aka markaɗa a dutse suna da ɗanɗanon da inji ba ya bayarwa. Na gwada duwatsu iri biyu da wani shagon kayan girki ke sayarwa: ɗaya baƙi ne mai ƙananan ramuka, wanda mai shagon ya ce daga yankin Biu ake kawo shi, ɗayan kuma dutsen yashi ne mai launin ƙasa-ƙasa daga wajen Gombe.

Maganar tasa ta dace da yanayin ƙasar. Tudun Biu a jihar Borno tsohon yankin duwatsu masu aman wuta ne, tafkin Tila ma a bakin wani mataccen dutsen aman wuta yake kwance. Baƙin dutsen narkakken dutse ne da ya kwararo daga cikin ƙasa ya huce da sauri, ramukan jikinsa kuwa gurbin iskar da ta maƙale ce a lokacin da yake daskarewa. Dutsen yashi kuwa, irin wanda masana suka sanya wa sunan dutsen Bima na jihar Gombe, yashi ne da ruwa ya tara tun shekaru miliyoyi, nauyin ƙasa ya danne shi, wasu ma'adinai suka liƙe ƙwayoyinsa.

A nan ne bambancin da ya shafi mai girki yake. Ƙwayar yashi ita kaɗai ta fi ma'adinan baƙin dutse tauri, domin tana kan mataki na 7 a ma'aunin Mohs da ake auna taurin ma'adinai da shi, su kuma suna wajen mataki na 6. Sai dai ƙarfin dutsen yashi ba ya wuce ƙarfin abin da ya liƙe ƙwayoyinsa, kamar yadda ƙarfin bulo yake ga yawan simintin da aka zuba masa. Da na markaɗa tattasai da tumatir a kansa, aikin ya yi sauri ƙwarai saboda kaushinsa, amma da na murza markaɗen tsakanin yatsu sai na ji tsakuwa, kuma ko bayan an dafa miyar ana jin ta a haƙori. Wanda na samu yana cikin masu taurin, ba ya marmashewa da farce, duk da haka bai daina zubar da ƙwaya gaba ɗaya ba. Yana kuma shan ruwa, har warin daddawa ya kan kwana a jikinsa bayan an wanke.

Baƙin dutsen ya fi gamsar da ni nesa ba kusa ba. Ma'adinansa a sarƙe suke da juna, saboda haka idan ya goge, garin dutse mai laushi yake fitarwa, shi ma ɗan kaɗan. Abin da ya fi burge ni shi ne bakin ramukan nan, waɗanda suke yanka fatar attarugu da zaren citta, kuma duk lokacin da saman dutsen ya goge sai sababbin ramuka su buɗe daga ƙasa, don haka ba a yawan neman makoɗi a koɗa shi. Wannan ba sabon sani ba ne. Mutanen tsohuwar daular Rum sun riƙa sassaƙa duwatsun niƙa daga irin wannan dutse a Mayen da ke Jamus ta yanzu suna kai su nesa, mutanen Meziko kuma har yau da shi suke yin turmin daka barkono. A Ingila, inda ake da dutsen yashi mai tauri a yankin Dabisha, a da an fi amfani da shi wajen niƙa sha'ir da abincin dabbobi, masu neman farin gari kuwa daga Faransa suka riƙa sayo nasu dutsen.

Baƙin yana da nasa wahalar. Ya fi nauyi, ya fi tsada, kuma ramukan suna riƙe ɓarɓashin abinci, dole sai an bi su da buroshi da ruwan zafi an shanya a rana. Ɗan dutsen da aka haɗo min da shi ma bai zauna daidai a kan uwar ba da farko. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne shagon ba ya gaya wa mai saye cewa sabon dutse yana buƙatar a fara niƙa busasshiyar shinkafa a kansa ana zubarwa, har sai garin ya daina fitowa da launin toka, alhali wannan bayani ne da ya shafi lafiyar iyali.

Ga mai markaɗen kayan miya kullum, baƙin dutsen nake ba da shawara a saya, ko da kuɗinsa ya ɗara. Dutsen yashin ya fi dacewa da ɓarzar hatsin da za a tankaɗe da kuma wasa wuƙa, inda sakin ƙwayar tasa yake zama amfani. Kafin biya, mai saye ya ɗiga ruwa a kan kowane dutse: wanda ya shanye shi nan take, a bar wa mai shago kayansa.