Hatimin CAMES da wasiƙar tantancewa ta Abuja: wanne ke yi wa yaro aiki?

Alhaji, ka ce yaronka ya samu gurbi a wata jami'a mai zaman kanta a Maraɗi, sun nuna maka takardar CAMES, kana tambaya ko ta isa a karɓi digirinsa idan ya dawo Kano. Gaskiya ba ta isa ba. Ƙofa biyu ce, kowace da mai gadinta.

CAMES majalisar ilimi mai zurfi ce ta ƙasashen Afirka, yawancinsu renon Faransa. An kafa ta a Yamai a 1968, hedikwatarta na Wagadugu. Ƙasashe 19 ne a ciki, har da Nijar, Chadi, Kamaru, Benin da Togo. Najeriya ba ta ciki, Ghana ma haka. Wanda CAMES ta amince da digirinsa zai ɗauki takardarsa daga Maraɗi ya je Dakar ko Injamena neman ƙarin karatu ba tare da dogon ja-in-ja ba. Sai dai ba makaranta ɗungurungum take buga wa hatimi ba, kwas-kwas take bi. Tana iya amincewa da digirin aikin akanta na makarantar, na jinya kuwa ko duba shi ba a yi ba. Ka karɓi takardar ka karanta da idonka, ka nemo sunan kwas ɗin yaron da shekarar da aka ba da ita.

A Najeriya kuwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardun waje, kuma mutum ɗaya-ɗaya take bi. Sai da wasiƙarta NYSC ke ɗaukar yaro bautar ƙasa. Za a nemi sakamakon sakandare, takardar maki, da fasfo mai hatimin shiga da fita. Nan ne 'ya'yanmu ke shan wahala. Maraɗi kusa ce, yaro ya saba hawa mota daga Katsina ya bi ta Jibiya ya wuce Ɗan Isa, babu wanda ya buga masa komai. Ranar da aka ce ya nuna shaidar ya zauna a can, sai ido ya raina fata. Tun tafiyar farko ya riƙa buga fasfonsa.

Sai lissafin shekaru. Digirin farko a tsarin CAMES shekara 3 ne, amma ɗan Nijar ya riga ya yi shekara 13 a firamare da sakandare kafin ya ci BAC, jarrabawarsu ta kammala sakandare. Namu 12 ne, sannan 4 a jami'a. Duka biyun 16 ke nan. Yaron da ya shiga da WAEC ya fito a shekara 3 yana da giɓin shekara guda, kuma ni da zan ba ka shawara, kada ka yarda da duk makarantar da ke talla da saurin gamawa.

Ka tuna abin da ya faru. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i 5 a Benin da 3 a Togo kaɗai ta sani. Ƙasashen biyu duk 'yan CAMES ne, hakan bai hana komai ba. Abin ya taɓa ni, domin cikin waɗanda guguwar ta kwasa akwai yaran da iyayensu suka sayar da gona, su kuma suka zauna aji tsakani da Allah.

Idan kwas ɗin likitanci ne, sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar kula da likitoci ta Najeriya, kafin ya taɓa majiyyaci. Jinya da haɗa magunguna ma kowanne da hukumarsa. Kafin ka biya ko sisi, ka rubuta wa ma'aikatar da ke Abuja sunan makarantar da na kwas ɗin, ka karɓi amsa a rubuce ka adana.