Ra'ayina Kan Abin Gwajin Zazzaɓin Cizon Sauro

A watan jiya na kai 'yata wani kemis a Nima, a nan Accra, domin a gwada jininta kafin a ba ta magani. Ɗigo ɗaya aka ɗauka daga yatsanta, kuma cikin minti 15 layuka biyu suka bayyana a kan abin gwajin, alamar tana da zazzaɓin cizon sauro. Saurinsa da arahar kuɗinsa sun gamsar da ni ƙwarai.

Sai dai ya kamata mai saye ya san yadda yake aiki. Yawancin irin waɗannan abubuwan gwaji suna neman furotin ne mai suna HRP2, wanda ƙwayar Plasmodium falciparum mai haddasa zazzaɓin take saki cikin jini, kuma furotin ɗin yakan daɗe makonni bayan an warke, don haka gwajin yana iya nuna cuta alhali ta tafi. Abin da ya fi damuna shi ne, tun 2010 masu bincike suka ba da rahoton ƙwayoyi a Peru waɗanda ba sa yin wannan furotin, wato gwajin yana iya cewa babu cuta alhali tana nan, har daga baya Eritiriya ta sauya irin gwajin da take amfani da shi.

Idan zazzaɓi ya ci gaba alhali sakamako ya ce babu, sai a je asibiti a duba jinin da madubin likita.