Kwana bakwai a Kilimanjaro tare da wani kamfanin Moshi

Ƙanina ne ya kawo maganar hawan dutsen Kilimanjaro, shi ne kuma ya yi ta naci har na yarda. Shekarata 47, sana'ata zaman kantin magani a Kano, kuma duk shirin da na yi bai wuce hawa Dala da Goron Dutse bayan sallar asuba ba, wata huɗu, da jaka a baya. Shi kuwa ɗan ƙwallo ne, na ba shi shekara goma sha biyu.

Mun yi ciniki da wani ƙaramin kamfani na garin Moshi a Tanzaniya: hanyar Machame, kwana bakwai, dala 2,100 kowane mutum. Kafin a ce an yi tsada, a sani cewa kusan dala dubu daga ciki hukumar gandun dajin ce ke karɓa, kuɗin shiga na kullum da na kafa tanti da na ceto da haraji. Da ragowar ake sayen abinci, a ɗauki mota, a biya mutum goma da suka raka mu mu biyu: jagora da mataimakinsa, kuku, da 'yan dako bakwai. Doka ba ta yarda kowa ya hau ba jagora mai lasisi. Saboda haka in ka ga wanda ya karya farashi ƙwarai, to daga bakin 'yan dako ya cire. Wani abin da na yaba musu tun muna gida shi ne biza. Ɗan Najeriya ba a buga masa ita a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri ya jira, kuma sun turo duk takardun da aka buƙata ba tare da mun yi ta bin su ba.

Jagoran namu ɗan ƙabilar Chagga ne, haifaffen gindin dutsen, ba mai yawan magana ba. Tun rana ta biyu muka raɗa masa Madugu, don ya cika uban tafiya irin na fatake: shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango, shi ke duba ko ka shanye ruwanka. Yana kirana "kaka", wanda a Swahili ɗan'uwa ne namiji, kuma da na faɗa masa abin da kalmar ke nufi a wurinmu sai hira ta ɓarke a kan kalmomin da muka yi tarayya, habari da labari, sabuni da sabulu, dunia da duniya. Kalmar da ba ta barin bakinsa ita ce "pole pole", wato sannu sannu. Ranar farko, cikin kurmin da ke sama da ƙofar Machame, tafiyar ta yi mini kama da rakiyar amarya, ƙanina har ya fara ƙorafi. Madugu bai ƙara sauri ba ko da taku ɗaya. A daren nan muka kwana a wajen mita 3,000, wato mun riga mun ɗara Chappal Waddi na Taraba, ƙololuwar Najeriya mai mita 2,419.

Abinci ba abin kushewa. Da safe kunu mai zafi da ƙwai da shayi, da rana da dare miya da shinkafa ko taliya, wani lokaci ugali, wanda tuwon masara ne sai dai ya fi namu tauri. Mun faɗa musu tun farko mu Musulmi ne, suka haɗa mu da kuku Musulmi ɗan Tanga, hankalinmu ya kwanta a kan nama. Shi ne ma yake ajiye mana ruwan ɗumi na alwala ba mu roƙa ba. Muna ƙasaru muna haɗa salla, a Barafu kuwa, zango na ƙarshe kafin ƙololuwa, inda ruwa sai an ɗauko shi a ka daga kwarin Karanga, taimama muka yi. A zo da buta daga gida, a kuma biya kuɗin bayan gida na tafi-da-gidanka. Masai na zangon ba ya shiguwa da daɗi.

Akwai inda suka gaza. Jakar barcin da na yi haya daga wurinsu zif ɗinta ya lalace a dare na biyu a zangon Shira, inda raɓa ke daskarewa a jikin tanti, kuma ba su zo da ta canji ba. Sai da mataimakin jagora ya ɗinke rabinta da zare, na ƙarasa tafiyar ina shiga ta sama kamar buhu. Kayan haya abu ne da ya kamata a duba a Moshi, ba a kan dutse ba. Na biyu, maganar tukwici. Al'ada ce tabbatacciya a can, kuma 'yan dako sun dogara da ita, amma ba wanda ya faɗa mana adadin da ya dace sai daren ƙarshe, lokacin da kuɗin hannunmu ya yi ƙasa. Abin da ya fi damuna kuwa wani yaro ne cikin 'yan dakon, da tsohon kambas mai ɓulallen baki. Ana auna kayansu a ƙofa kada ya wuce kilo 20, na ga an auna, amma takalmi ba mai aunawa. Su ne ke tashi bayanmu su naɗe tanti, su wuce mu a hanya da kaya a ka, mu iso mu tarar an kafa komai har an ɗora shayi. Kamfanin da ke karɓar dala dubu biyu zai iya saya wa yaron nan takalmi. Na faɗa wa mai kamfanin haka baki da baki da muka sauko.

Duk da haka zan sake ba su kuɗina, kuma dalilin shi ne daren hawan ƙarshe.

Kullum safe da yamma Madugu yana maƙala mana ɗan na'ura a yatsa ya duba iskar da ke cikin jini, ya rubuta a littafi, ya tambayi ciwon kai da cin abinci da barci. Rana ta uku ya hau da mu Lava Tower, mita 4,600, sannan ya sauko da mu Barranco muka kwana ƙasa da mita 4,000, don jiki ya ɗanɗana ƙarancin iska kafin a ɗora masa. Tun ranar ya sa wa ƙanina ido, don ya bar abincinsa. Mun wuce katangar Barranco da hannu da ƙafa, muka kwana Karanga, wanda shi ne daren da masu kwana shida ke tsallakewa, kuma ban ba kowa shawarar ya tsallake shi ba. Daga nan Barafu, mita 4,673, tsakuwa da iska kawai.

Sha biyun dare muka tashi, fitila a goshi. Sanyin hunturun Jos wasa ne a kan wannan, ruwan gorata ya fara daskarewa tun kafin ƙarfe biyu. Wajen uku da rabi ƙanina ya yi amai, ya miƙe, ya sake yi. Madugu ya tsayar da mu, ya ce masa ya taka a miƙe, dunduniya a gaban yatsu. Ya yi taku uku ya karkace. Shi ke nan, Madugu ya ce ƙanina zai sauka.

"Yaya, ka yi masa magana, wallahi zan iya, saura kaɗan," in ji ƙanina.

Ni mai sayar da magani ne, na san abin da tangaɗi ke nufi a wannan tsayi, ƙwaƙwalwa ce ke iya kumbura, amma bakina ya yi nauyi don na san shekara nawa ya yi yana tara kuɗin nan. Madugu bai bar mini nauyin ba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kaka, dutsen yana nan baɗi. Ni aikina in mayar da kai wurin mahaifiyarka." Bai ɗaga murya ba, bai kuma buɗe ƙofar ciniki ba. Na ce zan bi shi mu koma tare, ƙanina ya ce in na sauka ba zai yafe mini ba. Mataimakin ya riƙe hannunsa suka juya, ina kallon fitilunsu biyu har suka ɓace.

Abin da ya biyo baya ban riƙe shi duka ba. Taku goma, tsayawa, numfashi. A can sama iskar da mutum ke samu kusan rabin ta bakin teku ce. Rana ta ɓullo ta bayan tsaunin Mawenzi daidai muna isa Stella Point, mita 5,756, na zauna a kan dutse na yi sallar asuba a zaune. Daga nan kusan awa guda zuwa Uhuru, ƙololuwar dutsen, mita 5,895, ga katangun ƙanƙara a gefe sun fi gidan bene tsayi, gajimare kuma shimfiɗe can ƙasa da ƙafafunmu. Minti goma sha biyar Madugu ya ba ni, ya ce mu juya.

Saukowar ta fi cin gwiwa, tsakuwa na zamewa har Barafu, sannan a ci gaba a ranar zuwa zangon Mweka. A Barafu na tarar da ƙanina zaune bakin tanti da kofin shayi, idonsa ya washe, kuku na zaune kusa da shi. A ƙofar Mweka aka ba ni takardar shaida, shi ba a ba shi komai ba. Kafin mu bar Moshi ya je ofishin kamfanin ya tambayi farashin hanyar Lemosho ta kwana takwas, ya kuma sa sharaɗi biyu: Madugu ne zai ja shi, kuma zai duba zif ɗin jakar barci da hannunsa.