Tsarin ETLS na Ecowas: amfaninsa ga mai masana'anta da inda ya gaza wa ƙaramin falke

Duk wanda yake sarrafa kaya a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, kuma yake son ya kai su kasuwar maƙwabta ba tare da biyan kuɗin fito ba, hanyar da doka ta buɗe masa ita ce tsarin ETLS, wato shirin sassauta cinikayya tsakanin ƙasashen ƙungiyar Ecowas. An soma shi a 1979, shekara huɗu bayan kafa ƙungiyar a Legas, da amfanin gona da dabbobi da kayan aikin hannu, sannan aka shigar da kayan masana'antu a 1990. A ganina tsari ne da ya cancanci mai masana'anta ya nemi shiga cikinsa, amma da sharaɗin ya san iyakar abin da zai samu.

Mai neman rajista yana miƙa takardunsa ga kwamitin amincewa na ƙasarsa, wanda a Najeriya yake ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. Idan an duba masana'antar kuma an gamsu, sai a ba shi lambar amincewa, a sanar da Hukumar Ecowas da ke Abuja, ita kuma ta sanar da sauran ƙasashe. Kayan suna cancanta idan aƙalla kashi 60 cikin 100 na ɗanyen kayan da aka yi su da shi daga yankin ya fito, ko kuma sarrafawar ta sauya rukuninsu a jadawalin kwastan, ko ta ƙara musu darajar da ta kai kashi 30 cikin 100 na kuɗin da aka kashe kafin su bar masana'anta. Waɗannan sharuɗɗa sun yi daidai, domin su ne ke hana a sauya wa kayan waje buhu a ce na gida ne. Abin da masu nema da yawa ba sa lura da shi shi ne kuɗin fito kaɗai ake yafewa, harajin VAT na ƙasar da aka shiga yana nan daram.

Babbar fa'idar tsarin ta fi fitowa fili idan aka dube shi daga ɓangaren ƙaramar ƙasa. Masana'antar da ke Togo ko Benin, inda jama'ar kowacce ba ta kai miliyan 20 ba, ba za ta taɓa yin girma da kasuwar gida kaɗai ba, amma takardar shaidar asalin kaya tana buɗe mata kasuwar Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200. Sai dai wannan buɗewar tana hannun babbar maƙwabciya ne, kuma an ga haka a watan Agustan 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, ba ta fara sake buɗe su ba sai Disamban 2020. Koken Najeriya yana da tushe, domin shinkafar Asiya da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Benin ba kayan yankin ba ce kuma ba ta da hurumi a ETLS. Amma rufewar ba ta bambance mai gaskiya da mai fasa-ƙwauri ba. Manyan motocin da ke ɗauke da kaya masu cikakkun takardu sun maƙale a Seme, kan iyakar Najeriya da Benin, tare da sauran, kuma babu wata hanya mai sauri da mai kayan zai bi ya nemi haƙƙinsa. Wannan shi ne naƙasun da ya fi damuna a tsarin, domin mai zuba jari ba ya gina masana'anta a kan alkawarin da ɓangare ɗaya zai iya jinginewa dare ɗaya.

Shi kuwa ƙaramin falke, mai safarar albasa ko wake ko shanu, ƙa'ida ta sauƙaƙe masa, tun da ba a buƙatar takardar shaidar asali ga amfanin gona da dabbobi da kayan aikin hannu. Matsalarsa ita ce shingayen bincike da ke kan hanya, inda abin da ake karɓa ba bisa doka ba kan cinye rangwamen da aka yi masa, ga jinkirin da ke lalata kayan gwari. Da yawa daga cikin irin waɗannan fatake ba su ma san suna da wannan haƙƙi ba, kuma laifin na hukumomin da suka bar bayanan a Turanci da Faransanci ne, ba su isar da su cikin harsunan da ake ciniki da su ba.

Masu kai kaya Nijar da Mali da Burkina Faso suna da ƙarin abin lura. Ficewar ƙasashen uku daga Ecowas ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko da yake ƙungiyar ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar kayan ƙasashen uku bisa ƙa'idar ETLS har zuwa wani lokaci, wannan mataki ne na wucin gadi. Saboda haka ya kamata mai kaya ya tuntuɓi wakilinsa na kwastan a kan iyaka, ya tabbatar da halin da ake ciki kafin ya yi lodi.