Kwana biyu a asibiti kafin in zaɓi digiri: ɗaukar hoto ko gashin daji

Kusan wata uku na yi ina jujjuya fom ɗin neman gurbin karatu, layi ɗaya ya gagare ni cikewa: digirin ɗaukar hoton cikin jiki, ko na gashin cutar daji, wato kashe ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi daga inji. Da na ji jami'ar da nake nema tana kai masu sha'awa asibitin koyarwarta su yi kwana biyu suna kallon aiki, sai na ba da sunana.

Ranar farko sashen hoto muka je. Mu shida aka haɗa da wata malama. Wurin ba zama. Kafin rana ta raba na ga hoton ƙirji, na ga yaron da ya karye a hannu, na ga wanda aka kawo daga hatsarin mota aka wuce da shi ɗakin CT, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, kai tsaye. A ƙofar ɗakin MRI, na'urar ɗaukar hoto mai aiki da maganaɗisu, ta sa muka ajiye makullai da agogo, har fil ɗin da na maƙale mayafina da shi, domin maganaɗisun na'urar a kunne yake dare da rana. A nan na fara sanin cewa MRI ba ta amfani da hasken eksire sam. Malamar ba ta ɓoye mana komai ba: akwai aikin dare, akwai kiran gaggawa, kuma mara lafiya minti goma za ka yi da shi, ƙila ba ku sake haɗuwa ba.

Rana ta biyu ce ta tsaya mini a rai. Ɗakin gashi katangarsa kankare ce mai kauri, injin na tsakiya yana juyawa kewaye da gado. Aka shigo da wani dattijo mai ciwo a maƙogwaro, bayan an nemi izininsa mu kalla. Aka ɗora masa wani abin rufe fuska na roba da aka ƙera daidai fuskarsa, aka ɗaure shi da gadon, ma'aikata biyu suna daidaita shi da layukan jan haske, suna lissafi da milimita. Muka fita duka, ɗaya ta ce ta lasifika, "Baba, kada ka motsa, muna ganinka." Daga baya ta bayyana mana cewa yawanci gire 2 (gire shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya karɓa) ake bayarwa a rana, kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai, don lafiyayyen nama ya samu damar farfaɗowa tsakanin gashi da gashi. Likita ke yanke adadin, masanin fiziks ya tantance lissafin, su kuma su ne hannun da ke aiwatarwa kullum. Da dattijon ya sauko ya ce, "'Yata, saura nawa?" Ba ta duba takarda ba ta ce, "Saura 11, Baba." Ya tambayi jikin ɗanta, ta tambayi yadda yake haɗiyar abinci.

Inda shirin ya gaza kuwa, ya gaza. Awa uku kacal aka ba mu a sashen gashi. Takardar da aka raba mana ta cika da tarihin yadda masanin kimiyya Rontgen ya gano eksire a 1895, amma ba kalma ɗaya kan samun aiki. Sai da na matsa da tambaya aka ce mai ɗaukar hoto kusan kowane asibiti na buƙatarsa, mai gashi kuwa sai cibiyar da ke da injin, kuma ba su da yawa. Wannan magana a gaba ya kamata ta zo, domin tana iya raba mutum da garinsu.

Duk da haka ina ba duk mai irin ruɗanina shawara ya je, ya kuma roƙi cikakken yini a kowane sashe. Ni dai jiya na cike layin, gashin daji na rubuta, kuma na riga na faɗa wa mahaifiyata cewa aikin zai iya kai ni nesa da gida.