Gargaɗi ga masu neman aikin tuƙin tasi game da dillalan takardun bogi

Akwai wasu mutane da ke yawo a tashoshin mota da bakin ofisoshin lasisi, wasu kuma a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, suna yi wa matasa alkawarin cewa za su samo musu lasisin tuƙin motar haya da takardar shaidar kyakkyawan hali ta 'yan sanda ba tare da sun je ko'ina ba. Abin da suke nema shi ne hoton fasfo da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da kuɗin kafin alƙalami. Wannan damfara ce, kuma wanda ya faɗa cikinta ba asarar kuɗi kaɗai zai yi ba.

Dalilin da ya sa alkawarin nasu ba zai taɓa zama gaskiya ba yana cikin tsarin bayar da lasisin kansa. A Najeriya hukumomi uku ne ke da hannu a ciki: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an VIO masu gwada direba, da hukumar tattara haraji ta jiha. Sabon mai nema sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya ci gwajin VIO, ya cike takardar nema a shafin intanet na FRSC, ya biya kuɗi ta hanyar da aka tsara, sannan ya je da ƙafarsa cibiyar lasisi a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Daga nan ake ba shi lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, mai wa'adin shekara 3 ko 5. Babu dillalin da zai ɗora yatsansa a kan na'ura a madadin wani, don haka duk wanda ya ce "zauna a gida, zan kawo maka" ya riga ya faɗa maka cewa jabu zai kawo.

Katin da suke kawowa yana da sheƙi, da tambarin ƙasa, da hoton mai shi, har mutum ya sa shi a aljihu hankali kwance. Ranar da jami'in kan hanya ya shigar da lambar a rumbun bayanan hukumar, sai ta ƙi fitowa, ko kuma ta fito da sunan wani mutum dabam. A lokacin dillali ya daɗe da kashe layinsa, direba ne zai amsa tambaya a kan mallakar takardar jabu, motar da ya karɓa da sharaɗin biyan balas kullum kuma tana tsare. Wasu dillalan ma lasisin gaske suke samowa amma na rukunin B, wanda bai haɗa da tuƙin tasi ba, ba tare da sun yi wa mai nema bayani ba.

Haka batun takardar shaidar hali yake. Rundunar 'yan sanda ce ke bayar da ita bayan an nema ta shafinta na POSSAP, an ɗauki zanen yatsun mutum an duba ko yana da tarihin aikata laifi. Wadda aka buga a shagon kwamfuta ba ta bi ta wannan bincike ba, komai kyan hatiminta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cinikin asusun direba a manhajojin waya da ake kiran tasi da su. Dillali zai ce yana da asusun da aka riga aka tantance, ka biya haya ka fara ɗaukar fasinja yau, ko kuma ya roƙe ka ka yi rajista da takardunka ya ba wani ya yi aiki da su. Tantance direba an yi shi ne domin uwar da ta shiga mota da 'ya'yanta da dare ta san wanda ke riƙe da sitiyari, kuma mazauna Abuja da suka sha fama da 'yan "wan cans", wato masu fakewa da tuƙin tasi suna yi wa fasinja fashi, sun san abin da ke faruwa idan ba a san shi ba. Idan aka yi fashi da asusun da ke ɗauke da sunanka da lambar NIN ɗinka, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Mai niyyar shiga wannan sana'a ya je cibiyar lasisi da kansa, ya tambayi sharuɗɗan rukunin motar haya da kuma ƙarin abin da jiharsa ke buƙata, domin a Legas, alal misali, ana neman katin cibiyar horar da direbobi ta LASDRI. Kada ya tura kuɗin gwamnati zuwa asusun bankin wani mutum, kuma ya riƙe rasit na duk abin da ya biya. Wanda ya riga ya karɓi kati ta hannun dillali, ya kai shi ofishin FRSC mafi kusa a duba masa lambar kafin ya sake hawa titi, ya adana saƙonnin da suka yi musaya da shaidar tura kuɗin, ya kai ƙara wurin 'yan sanda.